Musayar gida don hutu: inda ribar take da inda wutar take tashi

"Assalamu alaikum Anti. Mu biyar ne a gida, ni da maigidana da yara uku. Duk shekarar da muka zauna lissafin tafiya hutu, kuɗin masauki ne yake karya mu, don dole sai mun kama ɗaki biyu a otal. Wata abokiyar aikina ta ba ni labarin musayar gida: mu je mu zauna a gidan wasu mako biyu, su ma su zo namu, ba wanda zai biya wani ko sisi. Ni abin ya kwanta mini. Amma maigida ya ce ba zai damƙa wa mutanen da bai taɓa gani ba makullinsa, ya dawo ya tarar an yashe gida. Na ji an ce kin daɗe kina yi. Da gaske akwai riba a ciki, ko kasada ce kawai?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki gaishe mini da maigidan, ki ce masa maganar da ya yi ita ce ta farko da take zuwa bakin kowane mai hankali, ni ma da ita na fara. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: shin abin da za ku rage na kuɗi ya kai a bar wa baƙo gida, sannan in an bar masa, me zai iya lalacewa.

Ta fuska biyu zan amsa miki. Na yi shekaru ina aiki a sashen biyan diyya na inshorar gidaje, wato teburin da mutane suke zuwa bayan ɓarna ta riga ta auku. Ban da wannan, ni da iyalina mun yi musayar gida sau goma sha ɗaya. Abin da na gani a wuraren nan biyu shi ne, satar da take hana mutane barci ita ce ƙarama a cikin matsalolin. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Waɗanda suka yi kuka da musayar gida, yawancinsu abu uku ne ya sa su kuka: an fasa musu tafiya bayan sun sayi tikiti, ko ba su nemi izinin waɗanda ya kamata su nema ba, ko kuma abin da suke kira tsabta ya sha bamban da abin da ɗayan gidan yake kira tsabta.

Daga ina abin ya fito

Ba sabon abu ba ne. Tsofaffin ƙungiyoyin musayar gida biyu, Intervac da HomeLink, duka suna danganta farkonsu da shekarar 1953, kuma malaman makaranta ne suka ɗauko abin. Dalilin a fili yake: malami yana da dogon hutu amma ba shi da dogon albashi. A wancan zamani littafi ake bugawa mai ɗauke da jerin gidaje, a aika wa 'yan ƙungiya ta gidan waya, mutum ya zaɓa, ya rubuta wasiƙa, ya zauna jiran amsa makonni. Kafin a kai ga miƙa makulli an yi wata da watanni ana rubuta wa juna, har an san sunayen 'ya'yan juna. Ki riƙe wannan a ranki, don jinkirin nan shi ne rabin tsaron abin.

Daga baya Ed Kushins ya kafa HomeExchange a Amurka a 1992, intanet ta zo ta mai da aikin wata uku ya koma na yini ɗaya. Fim ɗin The Holiday na 2006, wanda mata biyu suka yi musayar gida tsakanin Amurka da Ingila, ya sa mutane da yawa suka fara jin labarin abin, ko da yake a fim ba a nuna wanda ya wanke banɗaki kafin tafiya. A 2017 kamfanin GuestToGuest na Faransa, wanda aka kafa a 2011, ya sayi HomeExchange, daga baya suka haɗe a ƙarƙashin suna ɗaya. Galibin irin waɗannan shafuka kuɗin rajista na shekara suke karɓa, ba kuɗin kwana ba.

Musayar kuwa iri uku ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci fiye da yadda shafukan suke nunawa. Akwai ta gaba da gaba: kuna gidansu, suna gidanku, rana ɗaya aka shiga, rana ɗaya za a fita. Akwai wadda ba lokaci ɗaya ba, misali su zo naku a watan Afrilu lokacin da kuka yi wata tafiya, ku je nasu a watan Agusta; masu gida biyu sun fi yin wannan. Sai ta uku, ta maki: ki saukar da wasu a gidanki a ba ki maki, ki je ki kashe makin a gidan wasu daban waɗanda ba su taɓa taka naki ba.

Ta farkon ita ce ainihin ba ni gishiri in ba ka manda. Mutumin da yake kwance a gadonki ya san kina kwance a nasa. Duk lokacin da ya ɗaga kofinki zai tuna nasa kofin yana hannunki. Ta maki ta fi sauƙin samu nesa ba kusa ba, don ba sai kwanakinku sun dace ba, amma ta cire wannan igiyar da ta ɗaure ku da juna. Baƙon maki ba shi da komai a hannunki sai sunansa a shafi. Ban ce mugu ne ba, mun saukar da irinsu sau uku lafiya ƙalau. Sai dai ya fi kusa da ɗan haya na ɗan lokaci, kuma da wannan idon ya kamata a dube shi. Ga masu farawa irinku, ta gaba da gaba nake ba da shawara.

Ribar da ake ƙirgawa da wadda ba a ƙirgawa

Ki ɗauki lissafinku. Ɗaki biyu sau dare 14, kwanan ɗaki 28 ke nan da ba za ku biya ba. Mutum biyar, ci uku a rana, kwana 14, faranti 210 ne. A otal kusan dukansu saye za a yi; a gida kuwa akwai kicin da firji da tukwane, sai ranar da kuka ga dama ku ci a waje. Akwai injin wanki, saboda haka kayan sawa na kwana biyar sun ishi kowa, akwati ya yi sauƙi. In kuka dace da gida mai yara sa'o'in naku, za ku tarar da kekuna da littattafai da gadon jariri da kujerar mota, abubuwan da ba a iya ɗauka a jirgi. Iyali mai yawa shi ya fi kowa cin ribar musaya. Mutum ɗaya ko miji da mata da za su yi kwana uku, wahalar ta fi abin da za su rage.

Akwai wata riba da maigida zai so ji. Gidan da aka rufe mako biyu, fitila a kashe, labule a sauke, shi ɓarawo yake so. Gidan da ake shiga ana fita, ana shanya, ana kunna wuta da dare, ya fi tsira. Haka nan famfon da ya fara ɗiga, in da mutum a gida a ranar za a gani, in babu kowa sai ya jiƙa rufi da bango. Shi ya sa takardun inshorar gida da yawa, musamman a Birtaniya, suke rage abin da za su biya in gida ya zauna babu kowa fiye da kwana 30 ko 60 a jere.

Ribar da ba ta shiga lissafi kuwa ita ce ta sa muka ci gaba. Musayarmu ta farko, wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce ta ba mu makulli, ta tsaya a bakin ƙofa tana nuna mini yadda ake ɗan ɗaga ƙofar sama kafin makullin ya juya. A kan teburin kicin akwai takarda da rubutun hannu: ranar da ake fitar da shara, wane gefen murhu ne yake da zafin tsiya, wace kasuwa ce ta fi kusa, da lambar likitan yaransu. A jikin katakon ƙofar ɗakin yara an ja layuka da fensir, kowane layi da suna da shekara, tsayin 'ya'yansu tun suna tatata. Ƙaramar 'yata ta je ta jingina bayanta tana auna kanta da yarinyar da ba ta taɓa gani ba, wadda a daidai wannan lokacin take kwance a gadonta. Daga ranar ban ƙara cewa "kar ku taɓa" ba, su da kansu suke mai da komai inda suka ɗauko shi. A otal kai baƙo ne na birni. A gidan mutane kuwa kwana uku ya isa mai shagon unguwa ya fara gane fuskarka.

Amma kada a yi miki daɗin baki. Musaya ba ta rage kuɗin jirgi, ba ta ba da biza. In ƙasar da za ku tana neman shaidar masauki, babu takardar otal da za ku nuna, sai wasiƙa daga masu gidan da takardar yarjejeniyarku, don haka ku fara bincika abin da ofishin jakadancin yake karɓa. Ƙa'idar zama ma tana nan yadda take, misali kwana 90 a cikin kowane 180 a ƙasashen Shengen na Turai. Kuɗin wuta da ruwa na gidanku zai ci gaba da gudu, wataƙila fiye da yadda kuka saba. Sannan za ki yi kwana biyu cur kina shara da goge-goge da kwashe kaya kafin tafiya, ki sake yin rabin yini a can kafin dawowa. Kuma ba duk gida ake rububi ba. Mai gida a tsakiyar Landan ko Istanbul zaɓa yake yi. Mu kam mun taɓa aika saƙo sama da talatin kafin mutum biyu su amsa da e.

Maganar sata

Ki sa maigida ya duba abin ta idon ɓarawo. Sai ya yi rajista, ya biya kuɗin shekara, ya nuna katin shaida, ya sa hoton gidansa da adireshinsa, ya yi makonni yana hira da ku, ya sayi tikiti, ya ba ku makullin nasa gidan, duk don ya ɗauki talabijin da ba zai shiga akwati ba. Ɓarawo ya fi son tagar da aka manta a buɗe. Ba na cewa ba ya faruwa sam, mutum mutum ne, kuma baƙon kirki ma yana iya gayyato wanda ba na kirki ba. Amma a musaya goma sha ɗaya abin da muka rasa shi ne kofi biyu, murfin tukunya, da tawul ɗaya da aka aiko mana da shi ta gidan waya tare da ban haƙuri.

Duk da haka ki kulle abin kullewa. Ɗaki ɗaya, ko kabad mai makulli, a zuba gwala-gwalai da takardun gida da na banki da na makaranta, kwamfuta, magunguna, makullan ajiya, da duk abin da in ya fashe kuɗi ba zai mayar da shi ba, kamar abin da aka gada. Ki faɗa musu tun farko cewa ɗaki kaza a rufe yake, ba wanda zai ji haushi, su ma haka za su yi. Wannan kullewar kariya ce gare su kamar yadda take gare ku. Na taɓa dawowa na nemi agogon hannuna na rasa. Ban ce wa kowa komai ba, amma a zuciyata na riga na yanke wa mutanen hukunci, har na ja baya da amsa saƙonsu. Bayan wata huɗu na same shi a aljihun wata jaka da ni da kaina na sa shi. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Damfara ta fi sata yawa, kuma tun kafin tafiya take faruwa. Gida kamar fada, hotuna kamar na mujalla, mai shi yana gaggawa, sai ya ce a bar shafin a koma hira ta waya, daga nan a tura masa kuɗin ajiya ko na shara ta banki. Musaya ce, me ya kawo tura kuɗi ga mutum kai tsaye? Da zarar an ambaci haka, ki rufe hirar.

Ranar da aka fasa

Wannan ita ce babbar kasada, kuma ba ta buƙatar mugun mutum. A musayarmu ta huɗu, saura kwana tara mu tashi, matar gidan ta kira ni murya na rawa: mahaifin mijinta ya faɗi, yana asibiti, ba za su iya tafiya ba, kuma 'yan'uwa za su cika gidan. Me zan ce mata? Na yi mata jaje. Na ajiye waya na dubi tikiti biyar da muka saya masu araha, irin waɗanda ba a mai da kuɗi ba a sauya rana, ga shi tsakiyar lokacin hutu, masauki ya yi tsada ya yi wuya. Mun tafi, mun rage kwanaki daga 14 zuwa 8, mun kama wani ƙaramin wuri nesa da gari, kuma mun kashe fiye da abin da za mu kashe da tun farko otal muka nema.

Otal in ya fasa miki yana da wani ɗakin ko wani reshen. Iyali ba su da gida na biyu da za su ba ki. Daga wannan na koyi abu uku. Ba ma sayen tikiti sai ɓangarorin biyu sun amince a rubuce, kuma rana ɗaya muke saye, mu tura wa juna hoton tikitin. Wanda ya zuba kuɗinsa ba ya fasawa don ganin dama. Muna rubutawa tun farko me za a yi in larura ta taso: wanda ya fasa zai koma wajen 'yan'uwa ya bar gidan, ko zai nemo wani gida a cikin abokansa? Sannan muna ajiye kuɗin da zai iya kama mana masauki na akalla rabin kwanakin. In babu wannan ajiyar, tafiyar ba ta nuna ba tukuna. Wasu shafukan suna alƙawarin taimakawa in an fasa, amma ki karanta sharuɗɗan da kyau: nawa ne iyaka, dare nawa, kuma sai in an kammala yarjejeniyar a cikin shafin. Inshorar tafiya ma ki tambaye su ƙarara ko tana biya in mai masaukin ne ya fasa, domin da yawa larurar matafiyin kawai suke dubawa.

Ku ma fa abin yana kanku. Ranar da kuka amsa, wasu mutane sun sayi tikiti saboda maganarku. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Waɗanda dole a tambaya kafin a ɗauki hoto

Nan ne aikina na da yake sa ni tsawaita magana. A takardun inshorar gida da yawa akwai sharaɗin cewa in akwai baƙi ko 'yan haya a gida, ba a biyan diyyar sata sai da alamar an fasa ƙofa ko taga. Wanda ka ba makulli da hannunka bai fasa komai ba. Haka nan ɓarnar ganganci ko ta kuskure, kamar yaro ya ture talabijin, ba kowace takarda ce take ɗauka ba, wasu kuma suna ɗauka in ɗan gida ne ya yi amma ban da baƙo. Sai na uku wanda mutane ba sa tunawa: in baƙon ne ya ji rauni a gidanki, ya zame a matakala mai karyayyen ƙarfe, wa zai biya asibiti? Na sha zama da mutanen kirki ina karanta musu layin da ba su taɓa karantawa ba a takardar da suka sa wa hannu, kuma ba zama ne mai daɗi ba. Maganin kira ɗaya ne kafin tafiya. Ki ce musu: ranar kaza zuwa kaza mutum kaza za su zauna a gidana, ba haya ba ce, ba kuɗi a tsakani, me ya canza a inshorata? Ki ce su ba ki amsar a rubuce. Sau da yawa ba abin da zai canza, har ma sun fi son gida da mutane. In kuma gidan ba shi da inshora sam, to ku sani duk abin da ya faru tsakaninku da baƙin ne kawai, sai yarjejeniyar ta ƙara ƙarfi.

In haya kuke, mai gidan ne na farko. Yarjejeniyar haya da yawa ta hana a bar wa wani gida ba da izini ba, ko da kuɗi ko babu. Garin neman hutun mako biyu kada a jawo takardar tashi. In bene ne mai hukumar mazauna, su ma suna da nasu dokokin baƙi.

Sai dokar gari. Birane da yawa sun taƙaita ba da gida na gajeren lokaci. Landan, alal misali, ta sa iyakar dare 90 a shekara tun 2015. Akasari masu karɓar kuɗi ake nufi, amma ba ko'ina aka tsaya nan ba. Dokar Sikotlan ta 2022 ta lissafa amfani da gidan juna a cikin abin da ake ɗauka a matsayin biya, abin da ya tayar da ƙura tsakanin masu musaya. Musayar maki ta fi faɗawa wannan rami, tunda maki ya yi kama da kuɗi. Ni ba lauya ba ce, kuma waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka hukumar garinku da ta garin da za ku su ne masu maganar ƙarshe.

Mota kuwa, shawarata ku bar ta a gefe a karon farko. Inshorar mota a wasu ƙasashe sunan direba take bi. Ga lasisin wata ƙasa, ga wanda ya saba tuƙi a dama zai koma hagu, ga tarar gudu da za ta iso da sunan mai mota bayan wata biyu. Mun yi musayar mota sau biyu kawai, da mutanen da muka riga muka saba.

Tsabta, da sauran abin da ba a rubutawa

Ba a cika kai ƙara a kan wannan ba, amma shi ya fi ɓata hutu. Kowa yana ganin gidansa tsaf ne don hancinsa ya saba. Mun taɓa isa wani gida bayan tafiyar awa goma sha ɗaya, na buɗe firji na tarar da ragowar abinci har ya yi gashi, gashin kyanwa kuma a kan kowace kujera, ga ɗana ba ya shiri da shi, atishawa har asuba. Mutanen ba su yi ƙarya ba. Ban tambaya ba ne, su kuma a wajensu kyanwa 'yar gida ce, ba abin ambato ba. Ranar farko ta hutun a shara ta tafi.

Tun daga nan ba na jin nauyin tambaya. Akwai dabba? Ana shan sigari a ciki? Mutum nawa ne za su zo, shekarun yaran nawa? Za su gayyaci wasu su kwana? Duk abin da ba ku yarda a yi ko a shigo da shi gidanku ba, ki faɗe shi a fili tun a saƙo na biyu, kada ki ce ai kowa ya sani. Ba kowa ya sani ba. Ke ma ki faɗi aibin naki gidan: in unguwar da hayaniya, in ruwa ko wuta suna ɗaukewa, in hawa na huɗu ne babu na'urar hawa. Wanda ya zo da saninsa ba ya ƙorafi.

Kiran bidiyo ya fi hoto ɗari. Ki roƙe su su zagaya da ke gidan da waya a hannu, har banɗaki da kicin da abin da ake hangowa ta taga, ke ma ki yi musu haka. Gani ya kori ji. A nan za ki ga ko gidan na gaske ne, ki ga yadda suke magana da 'ya'yansu, ki kuma duba abin da ya shafi naki yaran: baranda mai gajeren shinge, matakala, wurin ninƙaya marar katanga. Ki tambaya ko akwai na'urar gano hayaƙi, da ta gano iskar nan mai guba marar wari da murhun gas ko na ɗumama ɗaki yake fitarwa in ya lalace. Ki tambayi kyamara ma. Airbnb, shafin hayar gida na gajeren lokaci, ya hana kyamarar cikin gida gaba ɗaya a 2024, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga kowa: ta cikin gida a cire, ta waje a faɗa. Ki karanta abin da waɗanda suka riga ku suka rubuta a kansu, ki fi kula da abin da aka yi shiru a kai. In mutum biyar sun yabi unguwa ba wanda ya ambaci tsabta, an gaya miki.

Sannan ki rubuta musu littafin gida, shafi uku ko huɗu. Abu na farko a ciki, kafin wuraren yawo, shi ne inda ake kashe ruwan gidan gaba ɗaya, inda akwatin wuta yake, da yadda ake rufe gas. Wata rana bututun injin wankinmu ya fice da tsakar dare. Baƙonmu ya buɗe shafin farko, ya ga hoton da na ɗauka na makunnin ruwa a bayan kabad ɗin kicin da jar kibiya a kai, cikin minti biyu ya rufe. Darduma ɗaya ce ta jiƙe. A teburin aikina na ga irin wannan bututun ya saukar da rufin maƙwabcin ƙasa. Ki sa lambar mai gyaran famfo da ta mai gyaran wuta, da ta wani ɗan'uwa ko maƙwabci mai makulli na biyu. In daga wata nahiya suke, ki tuna musu ƙarfin wuta: Amurka da Kanada volt 120 suke amfani da shi, Turai da yawancin duniya 220 zuwa 240, kuma na'urar busar da gashi ba ta yafe wannan kuskure. Ku amince a rubuce cewa ƙaramar ɓarna wanda ya yi ya saya ya mayar, babba kuma a kira mai gida kafin a taɓa komai.

Shin ku yi?

Akwai mutanen da ba na ba su shawarar musaya ko da komai ya cika. In tunanin wani a kan katifarki, hannunsa a cikin durowar cokulanki, zai hana ki sakewa, to kuɗin otal kuɗin kwanciyar hankali ne, ki biya abinki. Ko musayar da ta yi kyau tana barin alama. Za ki dawo ki ji gidan yana ƙamshin sabulun wasu, wuƙar da kike ji da ita ta dakushe, ludayi ya koma inda ba nan yake zama ba, ki yi mako guda kina neman abin buɗe gwangwani. Ni dariya abin yake ba ni. Ƙanwar mijina sau ɗaya ta gwada ta ce har abada.

Kuma gida na mutum biyu ne. In maigida bai gamsu ba, kada ki ja shi da ƙarfin lissafi, don kofi ɗaya ya fashe zai zama shari'a. Ni iyakar abin da na sani gidan kaina ne da irin mutanen da na dace da su; ke kika san unguwarku, da abin da ke cikin gidanku, da halin mutumin da kike aure.

Abin da zan ce ku yi shi ne ku gwada ƙarami. Kwana biyu ko uku, garin da mota take kaiwa cikin 'yan awoyi, babu jirgi babu biza, da iyalin da wani naku ya sani, ko waɗanda suka yi musaya sau da yawa aka yabe su. In abin ya watse, man mota kawai kuka yi asara. Ki bar maigida shi ya yi kiran bidiyon, shi ya zaɓi ɗakin da za a kulle, makullin ɗakin kuma ya zauna a aljihunsa. Kafin nan, gobe da safe, ki ɗauko takardar inshora da ta haya in akwai, ki nemo layin da ya yi maganar baƙi, ki ja masa layi da biro, ki ajiye masa kusa da abin karyawa.